Naman barewa a arewacin Minesota: daga harbi zuwa tukunya

Wani ɗan'uwa da aiki ya kai garin Duluth, a arewacin jihar Minesota ta Amurka, ya aiko da tambaya. Maƙwabcinsa Bature ya ba shi naman barewa daga firiza, uwargida ta dafa, ya fito da tauri da wani irin wari har yara suka ƙi ci. Yanzu kuma maƙwabcin ya gayyace shi farautar watan Nuwamba. Yana so ya san ko haka naman yake ko girkin ne, ko cinsa ya halatta, da abin da zai yi in ya je don ya dawo da nama mai kyau.

Malam, kafin komai ka cire uwargida daga zargi. Naman barewar da ya yi wari a tukunya tun a daji ya lalace, ko a wurin da aka yanyanka shi. Na daɗe ina farauta a dazuzzukan nan, ni nake feɗe abin da na harba, kuma abin da na tabbatar shi ne daɗin naman daji yana hannun wanda ya riƙe wuƙa a awannin farko bayan harbi. Mai girki iyakarta ta gyara abin da aka kawo mata.

Zafin jikin barewa yana tsakanin digiri 38 zuwa 39 a ma'aunin Salshiyos, kuma gashin da take yi na hunturu kowane sili da rami a cikinsa, yana tare zafi ƙwarai, har za ka ga dusar ƙanƙara ta kwanta a bayan barewa mai rai ba ta narke ba. Wannan gashin da ke raya ta shi ke ɓata naman bayan ta faɗi. Mutum ya ga gari da sanyi ya ce ai babu gaggawa, alhali can ciki tumbi yana ta tsami, zafi ya rasa hanyar fita, naman da ke jikin ƙashin cinya ya fara juyawa. In kuma harsashi ko wuƙa ta huda tumbi ko mafitsara, ƙazantar ta bi nama, babu kayan yajin da zai ɓoye ta. Sai kitse. Mu mun taso muna ganin kitse shi ne daɗin nama, kuma a rago gaskiya ne. Na barewa daban yake: ba ya narkewa sai da zafi mai yawa, yana daskarewa a ganɗa da zarar miya ta huce, yana saurin tsufa a firiza, kuma shi ke ɗauke da ɗanɗanon abin da dabbar ta ci. Barewar kudancin jihar masara da waken suya take ci a gonaki, ta wajenku kuwa tohon itatuwa da ganyen itacen sida. Ƙari a kan haka, farautar Nuwamba tana faɗowa daidai lokacin barbara. Namiji yana da wasu ƙulluttai masu baƙin gashi a cikin gwiwoyin ƙafafunsa na baya, yana yi musu fitsari don mata su ji shi, kuma wanda ya san warin bunsuru ya san irin abin da nake nufi. Hannu ko wuƙar da ta taɓa wurin ta koma kan tsoka ta kai warin ke nan.

Naman da ya rage muku a firiza, a narkar da shi cikin firji a hankali, a yanke duk wani farin kitse da farin tantanin nan mai sheƙi da duk inda jini ya taru ya yi baƙi, a kwana da shi a ruwan gishiri ko kindirmo, washegari a tsane shi. In bayan haka yana warin tsami ko ya yi kore-kore, a zubar.

Amma akwai maganar da ta fi ɗanɗano nauyi. In a cikin abin da aka ba ka akwai niƙaƙƙen nama ko tsiran-alade irin nasu, kada a ci sai ka tambaya. Da yake naman barewa ba shi da maiƙo, yawancin mahautan da ke gyara wa mafarauta nama suna haɗa shi da kitsen alade, wasu kuma suna zuba naman mutane da yawa a inji ɗaya su niƙa tare. Maƙwabcinka ba zai ga abin faɗa a nan ba, don a wurinsa haka aka saba. Shi kansa abin da Ahlul Kitabi ya harba malamai sun saɓa a kai. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya sun ɗauke shi kamar yankansa. Sanannen zance a mazhabar Malik, wadda yawancinmu muka tashi a kanta, shi ne ana cin yankansu amma ba a cin farautarsu. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa in ce maka ka amsa gayyatar, ka je ka harbi taka da bisimillarka.

Sai dai ka fara da takarda kafin bindiga. Dokar tarayya ta hana wanda ke zaune da bizar ɗan lokaci, kamar ta karatu ko ta aikin wucin gadi, riƙe bindiga ko harsashi, sai in yana da lasisin farauta mai aiki. Don haka ko gwajin harbi kada ka je sai lasisin yana aljihunka. A Minesota duk wanda aka haifa bayan 31 ga Disamba 1979 sai ya yi kwas ɗin kiyaye bindiga kafin a sayar masa da lasisi, ko da yake akwai rangwame ga sabon shiga da zai fita tare da babban da ke da lasisi. Hukumar albarkatun ƙasa ta jihar, wadda kowa ke kira DNR, ita ke fitar da littafin dokokin kowace shekara, kuma karanta shi wajibi ne, don ƙa'idar wannan yanki ba ita ce ta wancan ba. Farautar bindiga tana buɗewa ranar Asabar mafi kusa da 6 ga Nuwamba, a arewa maso gabas tana kai kwana 16. Mace ta fi namiji daɗin nama, amma a yankuna da dama na wajenku, inda hunturu ke kashe barewa da yawa, namiji mai ƙaho kawai aka yarda a harba, mace sai wanda ya ci ƙuri'ar da ake rufewa tun farkon Satumba.

Wannan tsanani yana da tarihi. A ƙarni na 19 'yan kasuwar naman daji sun kusa share ƙasar: an kiyasta barewa mai farar wutsiya ba ta wuce 500,000 ba a duk Amurka wajen 1900, yau kuwa ana maganar kimanin miliyan 30. Abin da ya dawo da ita shi ne hana sayar da naman daji, da ƙayyade lokaci da adadi, da dokar 1937 da ta sa kuɗin harajin da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsasai yake komawa kula da namun daji. Mu da muka ji kakanninmu suna labarin gwanki da kanki a dajin da yau ko zomo sai an sha wuya, bai kamata mu raina irin wannan doka ba. Ni ina bin ta da zuciya ɗaya.

Ka kuma sauke abin da ka sani na farautar gida. Babu gangami, babu kiɗa, babu cinna wa daji wuta, bin barewa da karnuka laifi ne, haka zuba mata abinci don ta zo, haka haska ta da fitila da dare. Ana fara harbi rabin awa kafin fitowar rana, a daina rabin awa bayan faɗuwarta. Yawanci zama ake yi. Tun da duhu mutum zai hau wani ɗan dandamali a jikin itace, kusa da hanyar da barewa ke bi tsakanin makwancinta da wurin kiwonta, ya zauna shiru awa uku ko huɗu. Hancinta ya fi idonta, saboda haka wurin zama ana zaɓarsa ne ta inda iska za ta taso daga wajenta ta zo gare ka. Turare da sabulu mai ƙamshi a bar su a gida. Dole ka sa hula da riga ruwan goro mai ƙyalli don sauran maharba su gan ka. Idon barewa ba ya rarrabe wannan launi sosai, shuɗi ne take gani da kyau. Kuma ka ɗaure kanka da igiyar tsaro tun daga ƙasa har ka sauko, domin faɗowa daga itace ta fi harsashi raunata mafarauta a ƙasar nan.

Sanyi kuwa kada ka yi masa kallon harmatan. Ranar 11 ga Nuwamba 1940 gari ya waye da ɗumi, mafarautan agwagwa suka fita bakin kogin Misisipi da tufafi marasa nauyi, kafin dare guguwar dusar ƙanƙara ta rufe su. Mutum 49 suka mutu a Minesota kaɗai, da dama daga cikinsu mafarauta ne, kuma har yau dattawan nan suna ba yara labarin. Abin da ke cutar da mutum shi ne gumi. Ka yi tafiya da kaya masu nauyi ka jiƙe, sannan ka zauna, jiƙar ta huce a jikinka. Auduga ba ta bushewa, don haka kada ta taɓa fatarka. Ka sa ulu daga ciki, ka riƙe babbar rigar a hannu sai ka isa wurin zama ka sa. Takalmi ya zama da sarari, matsattse yana hana jini gudu yatsu su mutu. Ashana, fitilar goshi da kamfas su zauna a aljihu, don waya tana mutuwa da sanyi kuma wurare da yawa babu sabis. Rana gajera ce, tana fitowa wajen ƙarfe 7 ta faɗi kafin 5, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa. Ka yi alwala a masauki ka sa huffi a kanta, ka gaya wa abokan tafiya tun farko cewa za ka riƙa salla kuma ba ka shan giya. Na same su masu girmama wanda ya faɗi matsayinsa a sarari.

Yanzu ga barewa ta fito. Kada ka ja kunama sai ta ba ka gefe, tana tsaye ko tana tafiya a hankali, kuma ka ga abin da ke bayanta. Wurin da ake nema ɗan bayan karfata ne, kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji, inda huhu da zuciya suke. Ka yi niyya, ka ce bismillah, ka harba. Malaman baya na Malikiyya sun halatta abin da harsashin bindiga ya kashe, domin yana huda yana zubar da jini. Harbin huhu yana da wata fa'ida ga naman: jinin yana zuba cikin ƙirji tun zuciya na bugawa, tsoka ta tsane.

Ka sayi harsashin jan ƙarfe, kada ka sayi na dalma. A 2008 an janye naman barewar da mafarauta suka bayar sadaka ga mabuƙata a Minesota da Dakota ta Arewa saboda an samu ɓurɓushin dalma a ciki, kuma binciken da DNR ta yi a shekarar ya nuna ɓurɓushin yana iya watsuwa har kusan santimita 45 daga inda harsashi ya bi. Ido ba ya ganinsa, haƙori ba ya jinsa, ga shi kana da yara ƙanana, su ne dalma ta fi yi wa illa. Wanda ya tuna abin da ya faru da yaran ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani.

Bayan harbi barewa takan ruga, ko da harsashi ya ratsa zuciyarta. Ka lura da itacen da ta ɓace a bayansa, ka zauna rabin awa. In ka bi ta da wuri za ta tashi daga inda ta kwanta ta yi nisa, kuma gudun wahala yana ƙara wa nama tauri. Jinin da ka tarar a wurin zai gaya maka labari: ja mai haske da kumfa na huhu ne, ba ta yi nisa ba; mai duhu na hanta ne, ka ƙara jira; in ka ga kore-kore da ɗoyin ciyawa, tumbi ka samu, sai an ba ta awanni. Nan ne nake ba sabon shiga shawarar da wasu ba sa so: in duhu ya kusa kuma ba ka da tabbacin harbin, ka bar ta ta wuce. Barewar da ta kwana a daji da kayan cikinta yawanci cinyar da ta kwanta a kai ta lalace, ga kyarkeci, wanda Minesota ke da fiye da 2,000, ga kuma shari'a. Risala ta ce ka ci abin da kibiyarka ta kashe matuƙar bai kwana a ɓoye gare ka ba, sannan ta kawo ɗaya zancen cewa in an samu kibiyar a makasa babu laifi. Gara mutum ya kauce wa shiga wannan saɓani tun daga yatsansa.

In ka same ta, ka zo ta bayanta. Matacciya idonta a buɗe yake, ko ka taɓa shi da tsinke ba ya ƙiftawa. In da sauran rai kuma za ka iya kai hannu, yanka ya wajaba, ka fuskantar da ita alƙibla gwargwadon hali ka yanka. In tana harbin ƙafa ko tana kai ƙaho yadda ba za a iya kusantarta ba, ka ƙara mata harsashi da bisimilla, kofatonta yana tsaga mutum.

Kai da ka saba fiɗar ragon layya, hannunka ya riga ya san rabin aikin, illa dai jerin ya juya. A gida fata ake fara cirewa sannan a buɗe ciki. A daji ciki ake fara fitarwa, nan take, a ƙasa, fata tana jiki don ta kare nama daga ƙasa da ganye lokacin ja. Cika alamar lasisinka yadda doka ta ce, sa safar hannu, kwantar da ita rigingine kanta wajen tudu. Zagaye dubura da bakin wuƙa har ƙarshen hanji ya saki daga ƙashin ƙugu, ka ɗaure shi da zare. Ɗaga fatar mara ka yi 'yar ɓula, sa yatsu biyu a ciki suna danne tumbi, kaifin wuƙa yana kallon sama tsakanin yatsun, ka tsaga har ƙashin ƙirji. A hankali ake wannan, minti biyu da ka ƙara a nan su ne bambancin nama mai daɗi da wanda yara za su ƙi. Yanke tantanin da ya raba ciki da ƙirji ta kowane gefe, zura hannu can sama ka kamo maƙogwaro ka yanke shi, ka ja. Komai zai biyo a haɗe, mafitsara da fitsarinta ba ta fashe ba. Kifar da ita jini ya zube, sannan ka tokare ƙirjin da sanda iska ta shiga. Ƙulluttan gwiwar nan ba sai ka yanke su ba, kada dai ka taɓa su. Zuciya ka ɗauka, tana cikin mafi daɗin abin da ke jikinta. Hanta ka tsaga ka duba, a arewacin jihar sau da yawa za ka tarar da manyan tsutsotsi masu faɗi a cikinta; ba su shafi tsoka ba, amma irin wannan hantar a bar wa hankaki. Kada ka wanke cikin da ruwan rafi, kada ka naɗe ta da leda, kada ka rufe ta a bayan mota mai ɗumi. In ranar ta zo da ɗumi sama da digiri 4 ko 5, ka tsaya shagon farko ka sayi ƙanƙara ka cusa a ƙirjin da tsakanin cinyoyi.

A gida rana da hayaƙi ne ke tsare mana nama, shi ya sa maharbi ke yin banda tun a daji. A nan sanyi ne ke wannan aiki, kuma yana yin abin da banda ba ta yi, wato yana ba nama lokaci ya yi laushi da kansa. Bayan mutuwa tsoka tana sandarewa, ba ta saki sai bayan kamar kwana guda. Duk naman da aka yanyanka ko ya daskare kafin ta saki, tauri zai yi ko wace gwana ce ta dafa shi, kuma ina kyautata zaton wannan na cikin abin da ya samu naku. Ana so a rataye ta inda sanyi ke tsakanin digiri 1 da 4, daga kwana biyu har mako. A wajenku matsalar sau da yawa sanyin ne ke yin yawa, don haka a daren farko ka rataye ta a gareji da fatarta don kada ta zama dutse. In kuma gari ya yi ɗumi, ka feɗe, ka raba ta gaɓa-gaɓa ka sa a firji a kan waya yadda ba za ta kwanta cikin ruwanta ba. Tsokoki biyu ƙanana da ke manne da ƙashin baya ta ciki ka cire su ranar farko kafin su bushe. Rajistar abin da ka harba kuma ana yin ta cikin awa 48, kafin a fara yanyanka, ta waya ko ta intanet.

Akwai abin da ya shafe mu fiye da Turawan, saboda mu masu cin kai da ƙafa ne. Wata cuta ce da ke ramar da barewa har ta mutu, suna kiranta CWD. An fara ganinta a Kolarado a 1967, ta bayyana a Wiskonsin a 2002, a barewar dajin Minesota a 2010, kuma a 2022 an same ta a Grand Rapids, wanda ba shi da nisa da ku. Wani furotin ne da ya murɗe yake jawo ta, tafasa ba ta kashe shi, daskarewa ba ta kashe shi, kuma dabba tana iya ɗauke da shi fiye da shekara tana ƙiba lafiya lau a ido. Ba a tabbatar ta kama ɗan Adam ba, amma hukumomin lafiya sun ce kada a ci naman da gwaji ya nuna yana da ita, ni ma haka nake yi a gidana. Ta fi taruwa a ƙwaƙwalwa, lakar ƙashin baya, idanu, saifa da kaluluwa. Saboda haka farfesun kai babu shi a barewa, kada a fasa ƙoƙon kai, kada a sa zarto a ƙashin baya, a zare tsoka daga ƙashi da wuƙa kawai. Gwajin daga kaluluwar wuya ake yi, a wasu yankuna dole ne a ƙarshen makon buɗewa, a sauran kuma DNR tana ba da kayan da za ka aika ta gidan waya.

Ka yanyanka da kanka a teburin kicin, kai da uwargida. Yini guda ne, kuma shi ne kaɗai tabbacin cewa naman da ke firizarka naka ne, babu abin da aka haɗa masa. Barewar da ta kai kilo 50 bayan an cire ciki za ta ba ka kamar kilo 20 na zallar tsoka. Bi layin da Allah ya raba tsokoki da shi, cinya da kanta za ta rabu gida-gida. Cire kitse duka, cire tantani, zubar da duk abin da ke kewayen ramin harsashi. In kana son niƙaƙƙe, haɗa da kitsen rago ko na sa daga mahaucin halal, kashi ɗaya cikin biyar.

Wajen girki naman barewa iri biyu ne, kuma kuskuren da ake yi shi ne a yi musu dahuwa ɗaya. Dogayen tsokoki biyu na gadon baya da na cikin nan da na ce, ba su da jijiya ba su da maiƙo, wuta mai ƙarfi suke so na ɗan lokaci. In aka yi musu yadda muke yi wa naman sa, a tafasa sannan a soya, ruwan jikinsu ya tafi, sai tauri. Ƙa'idar hukuma ga gutsuren da ba a niƙa ba ita ce cikinsa ya kai digiri 63 a bar shi ya huta minti 3, niƙaƙƙe kuma 71. Ma'aunin zafin nama ba shi da tsada, ka saya. Na san yawancin gidajenmu ba sa cin nama da ja a ciki, kuma ga mai juna biyu ma haka ya kamata, a dafa mata shi sosai. Mafita ita ce tsire. A yanka shi fele-fele a gicciyen zaren tsoka, a shafe da man gyaɗa sosai, a birkiɗa a garin ƙuli da citta da barkono, a kai kan garwashi mai zafi, ana juyawa ana ƙara mai. Siririn yanka yana nuna har ciki kafin ya bushe, ƙuli da mai kuma suna mayar masa da maiƙon da ba shi da shi. Ban san wata hanya da ta fi dacewa da wannan nama kamar tsire ba, kuma na ga mafarautan da suka shekara arba'in suna cin barewa sun nemi a koya musu.

Wuya, karfata da ƙwauri kuwa akasin haka ne. Cike suke da jijiya, har wasu mafarauta niƙe su kawai suke yi, alhali su ne naman farfesu. A soya su a mai su yi ja, a zuba albasa mai yawa, tafarnuwa, citta, kanumfari, masoro, kimba da daddawa, a rage wuta ƙasa-ƙasa awa uku zuwa huɗu, har jijiyar ta narke romon ya yi kauri yana kama leɓe. In an ci da sauran rabi, a daka shi a yi dambu, rashin kitsensa a nan alheri ne. Abin haɗawa kuma ka nemi shinkafar ruwa ta mutanen Ojibwe, 'yan asalin yankin, wadda suke kira manoomin. A cikin kwalekwale suke kaɗe ta da sanduna a tafkuna daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, su gasa ta a wutar itace. Ta hannu launinta da haske-haske kuma tana nuna cikin kamar minti 20, baƙar nan ta kanti noma ta ake yi, tana kai kusan awa. In ka samu ta hannun, ka saya daga wurinsu.

Manyan tsokokin cinya ka ware su don kilishi. Rana ba za ta yi maka aiki a Nuwamba ba, sai ka shimfiɗa yankan a kan waya a cikin oban, wuta a mafi ƙanƙanta, ƙofa a ɗan buɗe, ya bushe, ka tsoma a labu, ka sake busarwa. Matakin ƙarshe na gasawa a wuta da masu kilishi ke yi kada ka tsallake shi. A 1995 mutane sun kwanta a jihar Oregon saboda busasshen naman barewa na gida da aka busar da ɗan ɗumi kawai, ƙwayar cutar hanji ta rayu a ciki. Sai naman ya kai digiri 71 take mutuwa, kuma gashin ƙarshen nan shi ke kai shi. Sauran naman a naɗe shi yadda iska ba za ta shiga ba, a rubuta gaɓa da kwanan wata a kowane ƙulli, zai kai shekara a firiza. Doka ta yarda ka yi kyauta da shi, amma ba ta yarda ka sayar ba, ko ka mayar da shi kilishi. Kuma kada a ci, kada a kai wa 'yan'uwa na masallaci, sai sakamakon gwajin CWD ya fito.